Me Ya Sa Madubin Likita Ke Tsayawa a Ninki 1000?

"Assalamu alaikum. Ni malamar Bayoloji ce a wata makarantar sakandare a Kumo, jihar Gombe. Hukumar makaranta za ta saya mana madubin likita guda biyu. Mai kawo kayan ya nuna mana wani da aka rubuta 2000x a kwalinsa, ya ce da shi har bairos ana gani. Wanda muka yi amfani da shi a kwaleji 1000x ne, shi ma sai an ɗiga masa mai. Ɗalibaina kuma suna tambayata me ya sa in aka tura silaid (ɗan gilashin da ake ɗora abin dubawa a kai) hagu sai hoton ya tafi dama. Don Allah a yi mini bayanin yadda na'urar ke haɗa hoto, da wanda ya kamata mu saya."

Wa'alaikumus salam, Malama. Tambaya uku kika haɗa: yadda hoton ke samuwa, dalilin juyewarsa, da ko 2000x ya fi 1000x. Duk daga tushe ɗaya suka tsiro, in kuma kika kama tushen, babu ɗan kasuwar da zai yi miki daɗin baki. Ga amsar da za ki kai wa hukumar makaranta tukuna, bayani ya biyo baya. Lambar da ke jikin kwali ba ita ce ma'aunin inganci ba, kuma madubin da ke aiki da hasken fitila, irin na makarantu da asibitoci, ba zai nuna miki bairos na Lassa ko na ƙanjamau ba, ko da an rubuta masa 5000x. Na daɗe ina duba jini da majina da fitsari a ɗakin gwaje-gwaje a nan Gombe, ban taɓa samun ranar da aiki ya nemi in wuce 1000x ba.

Abin da gilashi ke yi wa haske

Ido ba ya fitar da komai, karɓa yake yi. Haske ne ke tasowa daga abu ya shigo shi. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce, shi ya kafa hujja a kan haka a littafinsa Kitabul Manazir. Madubin likita ma haka yake, tarkon haske ne kawai. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Haske a miƙe yake tafiya muddin yana cikin abu iri ɗaya. Da zarar ya tsallaka daga iska ya shiga ruwa ko gilashi a karkace, sai gudunsa ya ragu, ya lanƙwasa. Shi ya sa muciya a cikin bokitin ruwa ke bayyana kamar ta karye daidai bakin ruwan. To, in aka goge gilashi ya yi kauri a tsakiya ya sirance a baki, kamar an kife faranti biyu baki da baki, duk hasken da ya faɗo masa zai lanƙwasa ya nufi wuri ɗaya. Wurin nan shi nake kira matattara. Duk wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashi a rana lokacin yarinta ya san ta.

Kafin ma na'urar ta iso za ki iya nuna wa ɗalibanki amsar tambayarsu. Ki samo gilashin ƙara girman rubutu, ko ki ari tabaran karatu na wani dattijo. Ki tsaya a ƙuryar aji kina fuskantar taga, ki riƙe gilashin, ki sa farar takarda a bayansa kina matso da ita kina ja da ita. Can za ki ga tagar ta fito ƙarama a kan takardar, da bishiyar da ke waje, kai a ƙasa gindi a sama. Dalili kuwa, hasken da ya taso daga kan bishiyar ya ratsa gilashin yana gangarowa, sai ya sauka a ƙasan takarda, wanda ya taso daga gindinta ya ratsa yana hawa, ya sauka a sama. Haka hagu da dama suke musanya.

Ganau da jiyau

Madubin likita yana da rukunin gilasai biyu a jere. Na ƙasa, waɗanda ke jikin abin nan da ake juyawa, masu rubutu 4, 10, 40 da 100, mu a wurin aiki muna ce musu objektib. Na sama, inda ake kafa ido, shi ne gilashin ido, kuma galibi 10 ne.

Gilashin ƙasa yana yin abin da tabaran nan ya yi wa taga, sai dai a juye. Abin da ake dubawa yana kusa da shi sosai, ya ɗan wuce matattararsa kaɗan, saboda haka hoton da yake haɗawa babba ne, yana can sama cikin bututun na'urar, yana rataye a iska, kai a ƙasa. Hoto ne na gaske. In kika cire gilashin ido a ɗaki mai duhu, kika ɗora siririyar takarda a bakin bututun kika ɗan murɗa, za ki gan shi a kanta. Lambar 160 da ake rubutawa a jikin gilasan ƙasa da yawa, tsawon bututun ke nan da milimita. Sababbin na'urori kan ɗauki alamar ∞ a madadinta, su akwai wani gilashi a cikin bututun da ke ƙarasa haɗa hoton, amma lissafin bai sauya ba.

Shi kuwa gilashin ido, bai taɓa ganin jinin ko ɓawon albasar da ke ƙasa ba. Hoton nan da ke rataye a bututu shi yake kallo, ya ƙara masa girma kamar yadda ake ƙara girman rubutu. Ba ya sake juya shi, don haka juyin da na ƙasa ya yi shi ke isowa idonki. Ki yanko ƙaramin harafin d daga jarida ki sa, ɗalibai za su ga ya koma p. Hannun sabon shiga kan yi mako yana rigima da wannan, daga baya ya saba har ya daina lura.

Ninkin na'urar shi ne na ƙasa sau na sama: 100 sau 10, 1000 ke nan. Mai 2000x ba wani sihiri ya yi ba, gilashin ido mai 20 ya sa cikin kwali, na ƙasan bai sauya ba. A nan gizo ke saƙa. Gilashin ƙasa ganau ne, na ido jiyau. Jiyau zai iya ɗaga murya ya maimaita abin da aka faɗa masa, amma abin da ganau bai gani ba, ba shi da inda zai samo shi.

Girma daban, rarrabewa daban

Ki tuna tafiyar dare a hanyar Kumo zuwa Gombe. Kina hango haske ɗaya daga nesa, ki ɗauka babur ne, sai da ya matso ya rabu biyu, ashe mota ce. In da kin ɗauki hotonsa da waya tun yana nesa, kika yi ta jan hoton da yatsu, abin da za ki samu shi ne ƙaton curin haske guda ɗaya. Ya girma, amma bai rabu ba. Abin da mai gwaji ke nema shi ne rabuwar: ɗigo biyu da ke kusa da juna su fito a matsayin biyu.

Me ke hana su rabuwa? Haske igiya-igiya yake tafiya, kamar rawar da ruwan kududdufi ke yi in an jefa dutse. Tazarar da ke tsakanin igiya da igiya ita ce zangonsa. A hasken da ido ke gani, zangon nan yana tsakanin nanomita 400 a ɓangaren shuɗi da 700 a ɓangaren ja. Don ki ji ƙanƙantar abin: milimita ɗaya in an raba ta dubu, kashi ɗaya shi ne maikuromita, in an sake raba wannan dubu, a sami nanomita. A kududdufin nan, igiyar ruwa in ta ci karo da babban dutse za ki ga shaidarsa a bayansa, amma in siririn kara ne, sai ta zagaye shi ta haɗe kamar ba ta gamu da komai ba. Haka haske ke yi wa abin da ya fi zangonsa ƙanƙanta da yawa.

Akwai kuma abu na biyu. Haske in ya ratsa abu mai ƙananan layuka, ba ya wucewa duka a miƙe, wani sashe nasa bazuwa yake yi gefe da gefe. Ki gwada da daddare: ki kalli ƙwan lantarki mai nisa ta cikin siririn mayafi mai matsattsiyar saƙa, za ki ga hasken ya watsu ya yi ɗige-ɗige a jere, sama da ƙasa, hagu da dama. Gwargwadon matsewar saƙar, gwargwadon faɗin bazuwar. Ernst Abbe, wanda ya yi aiki tare da Carl Zeiss a garin Jena na Jamus, shi ya gano a 1873 cewa labarin ƙananan siffofin abu yana cikin wannan hasken da ya bazu. In gilashin ƙasa ya kamo shi ya haɗa shi da wanda ya wuce a miƙe, siffar ta fito a hoto. In ya kuɓuce ta gefe, siffar ta tafi ke nan, ko da an jera gilasai goma a sama. Taron tsintsiya ne ba shara.

Ashe ke nan tambayar da ta dace a yi wa gilashin ƙasa ita ce: faɗin kusurwar hasken da kake iya kamawa nawa ne? Amsar tana rubuce a jikinsa, bayan lambar ninki. Za ki ga 10/0.25, 40/0.65, 100/1.25. Wannan lamba ta biyu, wadda mutane ba sa ko kallo, ita ce darajar gilashin. Ni lambar buɗewa nake ce mata. Ba girman gilashin take nufi ba. Bakin mai 100 bai fi kan allura da yawa ba, amma saboda yana sauka dab da abin da ake dubawa, hasken da ya bazu bai samu damar tserewa ba.

Lissafin Abbe gajere ne: ki raba zangon haske da ninki biyu na lambar buɗewa. Mu ɗauki koren haske mai nanomita 550. Da mai 10, rabawa da 0.5 ke nan, a sami maikuromita 1.1. Da mai 40, wajen 0.4. Da mai 100, wajen 0.2. Nan ne bango. Idon mutum kuwa yana rarrabe abubuwan da ke da tazarar milimita 0.1 zuwa 0.2 ba tare da wahala ba. Ki ninka maikuromita 0.2 sau 1000, kin sami milimita 0.2 cif. Wato a 1000x duk abin da gilashin ƙasa ya iya kamowa ya riga ya kai girman da ido zai gan shi. Abin da aka ƙara bayan nan kumburi ne, hoto ya dusashe, fili ya ƙuntata, haske ya ragu.

Yanzu ki auna abubuwan da wannan ma'auni. Ƙwan tsutsar tsargiya da muke samu a fitsari, musamman na yaran da ke wanka a ruwan da ba ya gudu, ya wuce maikuromita 100 a tsawo, da mai 10 ma ana ganinsa da ƙayarsa a gindi. Jar ƙwayar jini tana da faɗin 7 zuwa 8. Ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya bayyana a 1882, tsawonta 2 zuwa 4 ne, siririya. Ƙwayar maleriya a matakinta na zobe ba ta fi 1 zuwa 2 ba, tana zaune cikin jar ƙwayar jini. Duk waɗannan sun haura bangon. Bairos na ƙanjamau kuwa wajen nanomita 120 ne, kusan rabin iyakar. Sai da Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera na'ura mai aiki da ilektiron a 1931, wanda zangonsa ya fi na haske gajarta nesa ba kusa ba, sannan hanyar ganin siffar bairos ta buɗe. Gaskiya ne akwai dabarun zamani da suka zagaye bangon Abbe da haske, har masana uku suka sami kyautar Nobel a kansu a 2014, amma waɗannan na'urorin manyan cibiyoyin bincike ne, ba abin da ake kawowa a kwali ba ne.

Man da ake ɗigawa

Kowane abu yana da ma'aunin yadda yake lanƙwasa haske. Na iska 1.0, na ruwa 1.33, na gilashi wajen 1.52. Hasken da ya fito daga gilashin silaid ya shiga iska yana karkacewa waje, wanda kusurwarsa ta wuce digiri 41 ma ba ya fitowa, komawa ciki yake yi. Kuma shi ne hasken da ke ɗauke da mafi ƙanƙantar siffofi. Shi ya sa gilashin ƙasa da ba a ɗiga wa mai ba ya taɓa kai lambar buɗewa 1. Man da ake ɗigawa ma'auninsa 1.515, kusan daidai da gilashi. In ya cike tazarar da ke tsakanin silaid da bakin mai 100, haske ba ya ma sanin ya bar gilashi, sai ya wuce a miƙe ya shige. Man ba ya ƙara girma ko kaɗan, hanyar tserewa yake toshewa.

Ga wani gwajin da yara ke so. Ki nutsa ƙaramar kwalbar gwaji ta Pyrex cikin kofin gilashi mai man gyaɗa, ki bar man ya cika ta. Za ta kusa ɓacewa, don ma'auninsu ya zo ɗaya. Amma a nan amfanin man gyaɗa ya tsaya. Na taɓa karɓar wata na'ura daga wani ƙaramin wurin gwaji inda mansu ya ƙare suka koma ɗiga na girki, ya bushe ya yi danƙo a bakin gilashin, sai da aka sayi sabo. Ɓarnar da na fi gani kuwa ita ce a gama da mai 100, a juyo da mai 40 ta kan man. Shi ba a yi shi don mai ba, daga ranar komai sai ya riƙa fitowa kamar cikin hazo, a yi ta zargin na'ura.

Abin da ke ƙasan dandamali

Akwai gilashi na uku da ake mantawa da shi, kwandensa, a ƙarƙashin inda ake ɗora silaid. Aikinta ta tattara hasken fitila ta aiko shi da faɗin da zai cika bakin gilashin ƙasa. Tsarin daidaita hasken da ake bi har yau na August Köhler ne, tun 1893. A jikinta akwai wata 'yar ƙofa mai buɗewa da tsukewa. In kika tsuke ta, abu marar launi yakan fito fili, amma rarrabewa ta ragu. In kika buɗe, rarrabewa ta ƙaru, abu marar launi ya nemi ɓacewa. Ni in ina duba fitsari ko bayan gida da mai 10 ko 40, nakan tsuke ta kaɗan. In jini ne da aka rina, da mai 100, kwandensa tana sama, ƙofa a buɗe. Kuskuren ɗalibai shi ne in haske ya yi musu yawa su sauke kwandensa. Fitilar ake ragewa.

Rini ma yana cikin haɗa hoto. Yawancin ƙwayoyin halitta kamar ruwa suke, haske na ratsa su bai bar shaida ba. Alphonse Laveran ya ga ƙwayar maleriya a 1880 a Aljeriya cikin ɗanyen jini ba rini, amma mu da rinin Giemsa muke aiki: ya ba ƙwayar ɗigon ja da zobe shuɗi. Ke a aji, ɗigon aidin a kan ɓawon albasa ya ishe ki. In kuma kika ga mai gwaji yatsansa ba ya barin ƙaramin maɓallin saiti, ba wasa yake ba. Da mai 100, kaurin abin da ke fitowa tas a lokaci ɗaya bai kai maikuromita ɗaya ba, dole a riƙa hawa da sauka. Tazarar bakin gilashin da silaid ba ta kai rubu'in milimita ba, shi ya sa silaid da aka kife bisa kuskure zai fito da mai 10, amma da mai 100 ko za a kwana ana murɗawa ba zai fito ba, ƙarshe a fasa shi.

Wanda za ku saya

Ban ga na'urar da aka nuna muku ba, don haka ba zan ce ba ta da kyau ba. Wani lokaci na'ura ce mai kyau aka sa mata gilashin ido mai 20 don talla. Abin da zan ce shi ne kada a biya ko sisi saboda wannan lambar. Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi a garin Delft na Holan, ya ga bakteriya a shekarun 1670 da gilashi ƙwaya ɗaya wanda ninkinsa bai kai 300 ba. Kyan gogewar gilashin ne ya kai shi.

Ki ce a buɗe kwalin a gabanki. Ki karanta jikin gilasan ƙasa, in babu lambar buɗewa, ki mayar masa da kayansa. Ki tabbatar jikin na ƙarfe ne, akwai kwandensa ta gaske mai ƙofa, akwai maɓallin saiti babba da ƙarami, da abin tura silaid. Ki zo da ɓawon albasarki ki duba da mai 40. In kin ga bakan gizo ya yi yawa a gefen abubuwa, gilashin bai haɗa launuka wuri ɗaya ba, kuma ba gyara gare shi ba. Ki saki maɓallin ki jira minti ɗaya, in hoton ya zame da kansa, na'urar za ta wahalar da ke. Saboda halin wutarmu, mai fitilar LED da batirin caji ya fi, ko wanda ke da madubin karɓar hasken taga, amma kada a taɓa juya madubin ya fuskanci rana kai tsaye, yana iya lahanta ido.

A ra'ayina, aikin sakandare kusan duka yana ƙarewa a 400x: albasa, ganye, ruwan kududdufi, ƙwayoyin cikin kunci. In kuɗin zai sayi masu 400x nagari guda uku ko huɗu a madadin biyu masu babbar lamba, ni su zan zaɓa, aji mai yawa ya fi buƙatar wurin kafa ido. In an samu hali, guda ɗaya mai 100 da kwalbar mansa ya zauna a hannunki ke kaɗai. Ki nemi takardar goge gilashi tun wurin saye, kada a goge da gefen hijabi ko riga. Da hunturu a rufe su da leda saboda ƙura, da damina kuma a ajiye su cikin akwati mai busasshen sinadarin tsotse danshi, don raɓa na sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi har ta ci fuskarsa.